Filin Gyaran Gida: In daɓe ya lalace, a fara neman dalili

An kai hatsi rumbu, hannu ya samu sarari. Yanzu ne lokacin gyaran gida. A wannan wata za a yi magana a kan daɓen ɗaki.

Wata mata a wani ƙauye na ƙasar Tasawa ta yi daɓe sau biyu cikin shekara guda. Sau biyu tana kiran gayya, mata suna zuwa da madaɓansu, tana dama musu hura. Sau biyu daɓen yana tashi a kusurwa guda, ta gabas. Wurin ya yi taushi, ya lotsa, ya tsage. Wata rana ɗanta mai rarrafe ya sa yatsa cikin tsagar, kunama ta harbe shi. Cikin dare aka ɗauke shi a amalanke zuwa gidan likita. Allah ya taimaka, yaron ya tashi.

Tana shirin gayya ta uku, sai wata tsohuwa maƙwabciyarta ta shigo. Ta dafa kusurwar da tafin hannu, ta ji sanyi. Ta ce: "Ɗiyata, mi ke bayan bangon nan?"

Matar ta ce: "Ba komi Inna, sai indararo."

Suka zaga baya. Ashe indararon ya karye tun bara. Ruwan sama yana zuba a gindin bango, har ya haƙa rami. Tsohuwa ta ce: "Ko sau goma kika daɓe, wahalar banza ce. Ki ce wa maigida ya gyara indararo, ya cike ramin nan tukuna."

Haka aka yi. An bar kusurwar ta sha iska wata guda, sa'an nan aka daɓe. Daɓen ya ga damina biyu bai motsa ba.

Damshi shi ne babban abokin gaban daɓe, kuma yakan ɓuya. Ga yadda ake gane shi. A samu leda mai faɗin kamu guda, a shimfiɗa a wurin da ake zargi. A danne gefunanta da rairayi. A bar ta kwana ɗaya da wuni ɗaya. In aka ɗaga aka ga raɓa a cikinta, ko wurin ya yi duhu, to ruwa yana tasowa daga ƙasa. Wani lokaci akan ga wani farin gari kamar kanwa a gindin bango. Shi ma alamar damshi ce.

Wannan dabara ba ta ƙauye kaɗai ba ce. A Faransa da Amurka gidaje da yawa ƙasan ɗakinsu katako ne. Akan jera shi, a goge, a shafa masa mai sheƙi. Masu wannan aiki su ma sukan shimfiɗa leda a kan siminti kafin su jera katako. Sun san in akwai damshi, katakon zai kumbura, ya lanƙwashe, sheƙin ya ɓare. Duk mai ƙyauren katako ya san halinsa: da damina ya ƙi rufuwa, da hunturu ya bar kafa.

Maganin damshi a waje yake. A duba indararo. A tara ƙasa a gindin bango, a yi mata gangare, don ruwa ya gudu nesa. Ƙasan ɗaki ya fi tsakar gida tudu da kamar santimeta 15, kuma a ɗaga dokin ƙofa. Randa ma tana tsatsa dare da rana. Kada a ajiye ta a kan daɓe kai tsaye. A ɗora ta bisa duwatsu, a sa kasko a ƙarƙashinta.

Sai maganar tsagewa. Daɓe yakan tsage saboda abu biyu. Ko dai laka ta yi yawa cikin haɗin, ko kuma ya bushe da gaggawa. Laka tana tsukewa in ta bushe, kamar yadda ake gani a bakin tabki da rani. Tsakuwar marmara da rairayi su ne ke riƙe ta. Ƙasar kowane gari da halinta. Haɗin da ya yi kyau a fadamar Maraɗi ba lalle ya yi a jigawar Damagaram ba. Don haka a gwada kafin a kira gayya. A yi haɗi iri uku, wani da rairayi kaɗan, wani da matsakaici, wani da yawa. A daɓe kowane a wuri mai faɗin faifai, cikin inuwa. Bayan kwana huɗu ko biyar a duba. Wanda ya tsage, lakarsa ta yi yawa. Wanda ya rugurguje in an kankare shi da farce, rairayinsa ya yi yawa. Wanda ya tsaya, shi za a bi. Aikin rabin wuni ne, amma mutane da yawa suna ƙyuyar yin sa.

Wajen gyaran tsaga, kada a liƙa laka a sama kawai. A sassare wurin har a kai inda yake da ƙarfi. A share, a yayyafa ruwa a gefunan. A zuba sabon haɗi kaɗan-kaɗan, kaurin yatsa biyu, a buga, a ƙara, a buga. Washegari a sake bugawa, jibi ma haka, don ƙananan tsagogi su haɗe. A rufe ƙofa da taga saboda iskar hunturu. Daɓe yana son ya bushe a hankali.

In daɓe yana ta da ƙura duk lokacin da aka yi shara, to bai sha bugu ba, ko bai sha makuba ba. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samun ta. Ɗorawa ta fi yawa a kudu, wajen Gaya da iyakar Najeriya. Inda babu ita, ƴaƴan bagaruwa suna aiki, irin waɗanda majema ke jima da su. A daka, a jiƙa kwana biyu ko a tafasa, har ruwan ya yi duhu. A tace. A yayyafa a kan daɓe yana da ɗan laima, a bi da madaɓi. Shi ke sa fuskar daɓe ta yi tauri, ta yi duhu, ta yi santsi.

A nan ne ake yawan kuskure. Biki ya matso, ana son ɗakin amarya ya yi sheƙi, sai a kwarara makuba mai kauri rana guda. Sama ta bushe, ƙasa tana jiƙe. Bayan sati biyu sai ta riƙa ɓarewa kamar ƙanzo. Gara a shafa kaɗan sau uku, ana bari tana bushewa tsakani. Kuma ba a shafa sabuwa a kan ƙura. In tsohuwar ta fara ɓarewa, a kankare ta duka kafin a sa wata.

Ramin gara da na ɓera, a bi shi har ƙarshe. A cire duk wani guntun itace ko kara da aka binne cikin ƙasan ɗaki, don shi gara ke bi. A cike ramin da tsakuwa, a buga sosai. Waɗansu sukan zuba baƙin man mota ko maganin ƙwarin gona a cikin ɗaki. Wannan ganganci ne. A kan daɓen nan yara ke rarrafe, a kansa ake ajiye ƙwaryar tuwo. Guba ba ta san gara ba, ba ta san yaro ba.

Mai hali yakan ce zai huta, ya sa siminti. Madalla, amma shi ma yana da doka. Ana yin siminti a Malbaza, cikin jihar Tawa, kuma buhu guda kilo 50 ne. Haɗin ƙasan ɗaki shi ne kwano 1 na siminti, kwano 3 na rairayi mai tsabta. Ɗaki mai mita 3 tsawo, mita 3 faɗi, in za a yi kaurin santimeta 3, zai ci kusan buhu 3. Wanda ya ce zai shimfiɗa buhu guda a ɗakin duka, ya zubar da kuɗinsa, don ƙafar gado ma za ta fasa shi. A fara daɓe ƙasan da tsakuwa ya yi ƙarfi, sa'an nan a zuba siminti. Bayan ya kama, a riƙa yayyafa masa ruwa safe da maraice har kwana 7. In babu ruwan da za a ba shi, a jira lokacin da akwai.

A wata mai zuwa filin zai duba maganar azara da ƙyaure, da yadda ake kare su daga gara.