Faifanmu a bango, ribar a aljihun wa?

Duk wanda ya taɓa leƙa manyan gidajen cin abinci na Damagaram ko na Yamai ya ga yadda ake ƙawata su: na'urar sanyaya ɗaki, fitilu marasa kashe ido, tebura da farin ƙyalle. To amma ɗaga kai ka dubi bango. Faifai ne da ƙwarya mai zane da tabarmar kaba da aikin fata na dukawa, wani wurin har da zanen gini irin na unguwar Birni.

Jama'a, ai irin kayan nan ne matan Magariya da Dungas ke bazawa a ƙasa ranar kasuwa, ɗan sari ya taya a wulaƙance, ya loda sai Kasuwar Dole. Faifan da aka kwana uku ana ɗinki, da ya hau bango sai ya zama abin da ke jawo baƙi su biya kuɗin abinci ninki-ba-ninki.

Ba mu ga laifin mai gidan abinci ba, ya gane abin da muka raina ne. Shawara ita ce, mata masu saƙa su haɗa kai, su tsai da farashi ɗaya, su kai kayansu birni da kansu. Mai tuwo a tasha ma ta share rumfarta, ta rufe abinci, ta ajiye ruwan wanke hannu. Tsabta da kwanciyar hankali su ma haja ce, kuma mai kuɗi yana biya.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka.