Ƙera motar Knight Rider: Lissafin da ya kamata matashin Diffa ya yi kafin ya kunna injin walda

Ba a daɗewa ba a ga bidiyon wani matashi a Facebook ko TikTok yana tuƙa motar da ya haɗa da tarkacen ƙarfe, yana ƙoƙarin kamanta ta da wadda ya gani a fim. Nan take masu sharhi kan rabu gida biyu: wasu su naɗa masa rawanin injiniya, wasu su mayar da shi abin dariya. Dukansu ba su yi masa adalci ba, domin babu wanda ya tsaya ya auna nauyin aikin da ya ɗauko.

A ɗauki misali da KITT, baƙar motar nan mai magana ta shirin Knight Rider, wanda tashar NBC ta Amurka ta nuna daga 1982 zuwa 1986, masu kallo da Faransanci kuma suka san shi da K 2000. Jarumin shirin shi ne David Hasselhoff, amma motar ce ta fi zama a zukatan yara, da jar fitilarta mai kai-kawo a goshi.

A ce wani matashi mai walda a Bosso ko cikin garin Diffa ya ɗaura aniyar ƙera irinta. Matsalarsa ta farko ita ce gangar jiki. Asalin KITT mota ce ƙirar Pontiac Firebird Trans Am ta 1982. An daina yin wannan samfuri tun 1992, kamfanin General Motors kuma ya rufe Pontiac gaba ɗaya a 2010. Ke nan sai dai a nemo tsohuwa daga Amurka. Tashar Kwatano ce ƙofar da motocin hannu suka saba shigowa Nijar, amma iyakar Benin ta shiga rikici tun bayan juyin mulkin Yulin 2023. Ko motar ta iso Yamai, akwai sauran tafiyar sama da kilomita 1,300 kafin a ga Diffa.

Matsala ta biyu ita ce, motar da ta fito daga masana'anta ba ita aka nuna a talabijin ba. Wani mai zane, Michael Scheffe, ya sake mata hanci da gaban direba mai cike da maɓallai da ƙananan allunan kallo, aka kuma sa mata sitiyari mai kama da na jirgin sama. Babu shagon kayan gyara da ke ajiye waɗannan. Masu sha'awar motar a Amurka da Turai kan saye su daga ƙananan masu zuba su da hannu, kuma sai an sha goga da gyara kafin su zauna daram. Ga wayoyin lantarki masu yawa, waɗanda ƙurar hunturu da zafin bazarar Manga ba za su raga musu ba.

Ta uku ta fi sauran muhimmanci: KITT ɗin kanta dabarar fim ce. Muryarta ta ɗan wasa William Daniels ce. Idan aka gan ta tana tafiya babu direba, akwai mutum ɓoye a ciki yana tuƙi. Tsallen da take yi kuwa daga kan tudun da aka shirya ne, kuma motoci da dama aka yi amfani da su domin saukar tana lalata su. Shirin The Dukes of Hazzard ma haka ya cinye ɗaruruwan motoci ƙirar Dodge Charger. Duk wanda ya ce sai tasa ta yi abin da ya gani a allo, yana bin abin da masu shirin da kansu ba su taɓa ƙerawa ba.

Wannan ba dalili ba ne na raina mai gwadawa. Yaron da ya fara da motar kara ko ta gwangwani, ya girma ya lanƙwasa ƙarfe har ya yi kama da mota, ya koyi awo, walda, haɗa wuta da haƙuri. Tambayar ita ce ina wannan ƙwarewa za ta dosa bayan an gama tafi.

Kano ta ga irin haka. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar lissafi da yanayin abubuwa a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen motoci, labarinsa ya zagaya duniya. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya bi hanyar karatun zanen mota a Amurka har ya zana Chevrolet Volt a General Motors, daga baya a 2017 ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya. A Maiduguri kuwa, maƙwabciyar Diffa, Mustapha Gajibo ya soma da mayar da ƙananan motocin haya masu shan fetur zuwa masu aiki da batir, kafin ya fara ƙera nasa. Darasin Gajibo ne ya fi kusa da gida, domin ya kalli abin da ke damun fasinja da direba, wato tsadar mai, ya gina sana'arsa a kai.

Kwarin Komadugu ba ya rasa irin waɗannan matsaloli. Noman tattasai, wanda shi ne ƙashin bayan arzikin yankin, ya dogara da injin ban ruwa, kuma duk ranar da inji ya tsaya a tsakiyar rani manomi ne ke kwana da asara. Dokar ta-ɓaci da aka kafa a Fabrairun 2015, bayan hare-haren Boko Haram a Bosso da Diffa, ta zo da haramcin zirga-zirgar babura, abin da ya raba 'yan kabu-kabu da kanikawa masu yawa da abincinsu. Harin Yunin 2016 a Bosso ya sake tarwatsa dubban mutane. A irin wannan wuri, jarin da matashi ya tara da ƙyar bai kamata ya ƙare a kan motar da za a ɗauki hoto da ita a ajiye ba.

Akwai masu cewa a bar kowa da sha'awarsa, ai ba kullum ake aiki don ciki ba. Gaskiya ne, kuma wanda ke da hali ya yi abinsa. Amma al'umma da hukuma suna da nasu alhakin. Abin da aka saba gani shi ne babban mutum ya zo ya yi hoto da motar, ya miƙa ambulan, shi ke nan. Ya fi amfani a haɗa irin wannan matashi da cibiyar koyon sana'a ko Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, a ba shi kayan aiki da wuta mai ɗorewa, sannan a ba shi kwangilar gaske: gyaran injinan ban ruwa, haɗa famfo mai aiki da hasken rana, ko ƙera amalanken da zai jure yashi.

Hannun da ya iya fitar da hancin KITT daga falankin ƙarfe zai iya waɗannan duka. Idan manoman Bosso suka samu mai tayar musu da inji cikin yini guda, ba sai an jira kaya daga Damagaram ko Maiduguri ba, za su biya shi da kuɗin tattasai, shi kuma ya samu rarar da zai ƙarasa motar mafarkinsa a ranakun hutu.