Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Yau hirar tamu a kan keke take. Na san wata za ta taɓe baki ta ce, "Anti, me ya haɗa mu da keke kuma?" Ki dakata tukuna, ba a yanke wa tuwo hukunci sai an ɗanɗana miya.

Wata ƙanwarmu ce ta rubuto daga Ajingi, ta roƙi in sakaya sunanta. Ta ce wanda aka sa musu rana da shi ya rage zuwa zance. Shi da abokansa sun ɗauri aniyar tafiya Kano a kan keke su dawo, don tara wa marayun unguwarsu kuɗin makaranta, shi ne kullum da asuba sai su fita atisaye. In ya zo da dare ma sai hamma da gyangyaɗi. Ƙawayenta na cewa ya yi mata kishiya da ƙarfe, Babanta kuma ya ce shiririta ce. Tana tambaya, ta haƙura ne ko ta mayar masa da kayansa?

To ƙanwata, bari in fara da maganar Baba, cikin girmamawa. Hawan keke don taimakon mabuƙata ba baƙon abu ba ne a duniya. A Ingila akwai tafiyar da ake yi daga Landan zuwa garin Brighton, mil 54, wajen kilomita 87 ke nan, dubban mutane suna tara kuɗi don masu ciwon zuciya. A Gana, a shekarar 2001, wani saurayi Emmanuel Ofosu Yeboah da aka haifa da nakasa a ƙafar dama ya ratsa ƙasarsu a keke, kimanin kilomita 600, don a daina wulaƙanta nakasassu. A watan Yuli na 2017 kuma wasu Musulmi 8 suka tashi daga Landan a keke suka nufi Madina, suna tara kuɗin magani don mutanen Siriya da yaƙi ya ɗaiɗaita. Yadda abin yake, mai hawan ne zai bi 'yan uwa da attajirai, kowa ya yi alkawarin abin da zai bayar in an kai. Shi ya ba da gumi, su su ba da kuɗi.

Sai maganar atisayen. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Daga Gaya zuwa Kano kaɗai ya haura kilomita 60, ga na Ajingi zuwa Gaya a kai, ga kuma dawowa. Wanda iyakarsa gona da kasuwa, in ya tashi rana tsaka ya ce zai yi wannan, wallahi kafin gadar Wudil cinyoyinsa sun ɗaure, sirdi ya saɓule masa fata. Shi ya sa ake ɗaukar makonni ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Su fara da Ajingi zuwa Gaya su dawo. In jiki ya saba su ƙara zuwa Wudil, wadda ke da kimanin kilomita 20 daga Gaya. Kuma dole a bar ranar hutu, don a lokacin hutun ne tsoka ke gyaruwa ta ƙara ƙarfi. Wannan gyangyaɗin da kike gani, ƙila alama ce ta sun matsa wa kansu da yawa. Ki gaya masa haka, kin ga kin samu hanyar ƙwato darenki ɗaya ko biyu a mako.

Me ya sa sai a ƙungiya? Yo ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Babban abokin gabar mai keke iska ce. In suka jeru ɗaya bayan ɗaya, na gaba ne ke tare iskar, na bayansa ya samu sauƙi, har ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe in ana gudu sosai. In na gaban ya gaji sai ya koma baya, wani ya karɓa. Na gaba ne kuma ido: shi zai nuna rami da hannu, shi zai yi kashedin awaki ko tirela. Wannan jeri sai an koya, don in wani ya damƙe birki ba sanarwa, duk sai su zube a kansa. Sannan ƙa'idarsu ita ce ba a barin kowa a baya. In kacar ɗaya ta zame ko tayarsa ta yi faci, kowa ya tsaya.

Ga abin da za ki duba masa, tunda kin kusa zama uwargida. Fita bayan sallar Asuba ta fi, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Ya riƙa kurɓar ruwa tun ƙishi bai kama shi ba. In gumi ya yi yawa, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, irin wanda ake haɗa wa yara masu gudawa. Dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu. Famfo, kayan faci da sifana a kan kariya. Ko tsohuwar Raleigh ce ko Phoenix, a kai wa mai gyara ya duba birki da kaca. Hular kwano da riga mai haske, don titin Wudil ba wurin wasa ba ne, balle ranar Juma'a da manyan motocin shanu ke cin kasuwa.

Amma fa akwai inda zan tsaya bayan Baba. Kuɗin marayu wuta ne. Ki tambaye shi, cikin lumana: wa ke riƙe kuɗin? Akwai littafin da ake rubuta sunan wanda ya bayar da abin da ya bayar? Liman da mai unguwa sun sani? Su wane ne yaran, kuma wace makaranta za a biya? In ya amsa miki tiryan-tiryan, ki ce ya je ya durƙusa ya yi wa Baba wannan bayanin da bakinsa. In kuwa ya hau kame-kame, ko ya ce ba ruwan mace da wannan, to ƙanwata wannan ce matsalar, ba keken ba. Namijin da ke iya tashi da asuba mako bayan mako saboda 'ya'yan da ba nasa ba, kuma ya riƙe amana, Juma'ar da za ta yi kyau ke nan tun daga Laraba. Kada ki bari zugar ƙawaye ta raba ki da shi.

Ku kuma sauran, kada ku ɗauka keke na maza ne kawai. A jihar Bihar ta Indiya, a 2006, gwamnati ta fara ba 'yan matan sakandare kuɗin sayen keke, masu bincike suka gano shigar 'yan mata makaranta a kan kari ta ƙaru da kashi 32 cikin 100, musamman waɗanda makaranta ta yi wa nisa. A 2024 wata 'yar Nijeriya, Ese Ukpeseraye, ta zama ta farko daga ƙasar nan da ta yi tseren keke a wasannin Olamfik, a birnin Faris, har sai da Jamusawa suka ara mata keke. Yarinyar da ke takowa daga ƙauyukan Toranke ko Balare ta san darajar ƙafa biyun nan. In iyaye sun amince, a sa dogon wando a ƙarƙashin zane, a tattare hijabi kada kaca ta kama shi, a tafi tare da 'yan uwa ba ita kaɗai ba.

Wadda ke zuwa makaranta a keke, ko take so aka hana ta, ta rubuto mana mu ji dalili. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum,
Antinku.