Uwar Garke a Cikin Ɗaki: Kafawa Ba Wuya, Kulawa Ce Aiki

A 'yan shekarun nan wata ɗabi'a ta shigo tsakanin matasa masu sha'awar kwamfuta, har da ɗalibai irinmu. Sai ka ga mutum ya ɗauko tsohuwar kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, ko ya sayi 'yar ƙaramar na'urar nan Raspberry Pi wadda ba ta wuce tafin hannu ba, ya mayar da ita uwar garke a cikin ɗakinsa. Ga wanda bai saba jin kalmar ba, uwar garke, ko kuma sabar kamar yadda wasu ke kiranta, ita ce kwamfutar da ake bari a kunne dare da rana tana yi wa sauran na'urori hidima. A cikinta mutum zai zuba hotunan gidansu, da kundin bincikensa, da hirarrakin da ya naɗo daga bakin dattawa, sannan ya riƙa isa gare su daga wayarsa a duk inda yake. Akwai manhajoji na kyauta da ke yin wannan aiki, irin su Nextcloud na ajiyar takardu, da Jellyfin na kallon finafinai, da Immich na hotuna.

Ni ina cikin masu goyon bayan wannan abu, domin guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Sai dai akwai wata magana da ba a cika faɗa wa masu shiga harkar ba, ita ce kuma dalilin wannan rubutu. Ranar da ka kafa uwar garke, ka ɗaukar wa kanka aikin da manyan kamfanoni ke biyan ma'aikata albashi su yi, wato sabunta manhaja a kan kari. A ra'ayina, duk wanda ba zai iya wannan aikin ba, to bai kamata ya buɗe na'urarsa ga intanet ba.

Me Ya Sa Tsohuwar Manhaja Ke Da Haɗari?

Wani zai ce, abin da yake aiki lafiya lau, me zai sa a taɓa shi? Manhaja ai ba tuwo ba ce balle ta kwana ta lalace. Gaskiya ne, manhajar ba ta sauyawa, amma abin da duniya ta sani game da ita yana sauyawa kullum. Mutane ne suka rubuta ta, kuma ba a raba ɗan Adam da kuskure. Idan aka gano wata kafa a jikinta, masu ita sukan yi faci su fitar da sabon zubi, sannan a sanar da duniya. Tun shekarar 1999 ma akwai wani kundi na bai-ɗaya da ake kira CVE, inda ake bai wa kowace kafa lambarta. To wannan sanarwa kaifi biyu gare ta. Kamar yadda ta isa kunnenka, haka ta isa kunnen 'yan dandatsa, masu kutse cikin kwamfutocin mutane. Sukan ɗauki tsohon zubi da sabo su kwatanta, nan take su ga inda aka toshe. Daga ranar nan, duk wanda bai yi facin ba ya zama kamar mai gidan da aka yi shelar cewa kwaɗon ƙofarsa ba ya kamawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan tsaguwa kuwa an riga an nuna wa kowa ita.

Akwai kuma masu cewa, "Ni wa ya san da ni? Me gare ni da za a sata?" Wannan tunani ya ginu ne a kan zaton cewa wani mutum ne ke zaune yana zaɓen wanda zai kai wa hari. Ba haka abin yake ba. Manhajoji ne ke bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya suna ƙwanƙwasa ƙofa. A shekarar 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka suka fito da wata manhaja mai suna ZMap, wadda ke iya zagaye dukkan adireshin intanet na tsohon tsari cikin ƙasa da awa ɗaya. Irin wannan na'ura ba ta tambayar sunanka ko arzikinka. Ƙofa kawai take nema.

Gemun Ɗan'uwa Ya Kama Wuta

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na kamfanin LastPass, wanda sana'arsa ita ce adana wa miliyoyin mutane kalmomin sirri. A shekarar 2022 aka yi masa kutse aka kwashi kwafin rumbunan abokan hulɗarsa. Ta ina ɓarayin suka bi? Ta gidan wani babban injiniyan kamfanin, ɗaya daga cikin mutum huɗu kacal da ke riƙe da makullan wurin. A kwamfutarsa ta gida yana da manhajar Plex ta kallon finafinai, kuma tsohon zubi ne. Kafar da aka bi ta cikinta an riga an toshe ta tun watan Mayun 2020, shi ne dai bai sabunta ba. Da suka shiga sai suka dasa masa manhajar da ke naɗe duk abin da ya buga a allon rubutu, har suka samu kalmar sirrinsa. Ka ga ke nan sakacin ɗaki guda ya shafi mutanen da ba su taɓa jin sunan mai ɗakin ba.

Na biyu, a watan Yunin 2021 masu amfani da wata na'urar ajiya ta gida mai suna My Book Live, ƙirar kamfanin Western Digital, suka wayi gari an share musu komai daga nesa. Rabon da na'urar ta samu sabon gyara tun 2015. A nan ko mai ita ya so ya sabunta, babu abin sabuntawar, don kamfanin ya daina kula da ita. Sai kuma watan Janairun 2022, lokacin da wata manhajar garkuwa da bayanai mai suna DeadBolt ta afka wa dubban na'urorin ajiya ƙirar QNAP da ke buɗe ga intanet, ta kulle fayiloli tana neman kuɗin fansa. Ko shahararren harin nan na WannaCry na watan Mayun 2017, wanda ya shafi kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150 har ya dagula aikin asibitocin Ingila, ai Microsoft ya fitar da facinsa tun watan Maris, wata biyu kafin aukuwar abin. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wani abin lura shi ne, ba kai kaɗai abin ke shafa ba. Na'urar da aka kutsa ana iya mayar da ita 'yar aike, a riƙa kai wa wasu hari da ita, da datarka, da wutarka, kai kuwa kana barci. Idan kuma ka buɗe wa 'yan'uwa da abokai wuri suna ajiya a cikinta, to amana ce ka karɓa.

Masu Tsoron Sabuntawa Ma Suna Da Hujja

Adalci shi ne a saurari ɗaya ɓangaren. Akwai masu cewa sabuntawar ita kanta tana ɓarna, kuma ba ƙarya suka yi ba. Ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wani gyara mai matsala, wanda ya tsayar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu amfani da Windows, har jirage suka kasa tashi. Kafin nan, a watan Maris na wannan shekarar, wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano cewa an dasa ƙofar baya da gangan a cikin sabon zubin wata manhaja mai suna xz, wadda kusan kowace kwamfutar Linux ke ɗauke da ita. A wannan karon masu rige-rigen ɗaukar sabon abu su ne suka fi kusa da haɗari.

Ga kuma namu matsalolin na nan gida Nijeriya. Ana cikin sabuntawa sai a ɗauke wuta, na'ura ta mutu aiki bai kammala ba, in aka yi rashin sa'a ta ƙi tashi gaba ɗaya. Data kuma ba kyauta ba ce, musamman tun da hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin abinci da na buga kundi, ba za a zarge shi ba idan ya yi jinkirin sauke wani abu mai nauyi.

To amma idan aka duba da kyau, waɗannan hujjoji ba su ce a daina sabuntawa ba. Abin da suka koyar shi ne a yi ta da hankali. Ƙofar bayan nan ta xz ba ta kai ga tabbataccen zubin Debian ko zubin Ubuntu mai dogon zango ba, a zubin gwaji ta tsaya. Ashe ke nan akwai hanya ta tsakiya tsakanin mai gaggawa da mai sakaci.

Hanyar Da Nake Ganin Ta Fi

Abu na farko shi ne a rarrabe tsakanin facin tsaro da sabon zubi babba. Facin tsaro yawanci ƙarami ne, ba ya cin data sosai, ba ya sauya yadda manhaja ke aiki. Wannan a bar wa na'ura ta riƙa yi da kanta. A Debian da Ubuntu akwai wata 'yar manhaja mai suna unattended-upgrades da aka tanada don haka. Sabon zubi babba kuwa, wanda ke zuwa da sauye-sauye, shi ne ke buƙatar ka zauna ka karanta bayanin da masu shi suka rubuta kafin ka taɓa komai. Jinkirin sati ɗaya ko biyu a nan ba laifi ba ne, don ka ji abin da ya samu waɗanda suka riga ka.

Na biyu, a zaɓi babbar manhaja mai dogon zango, a kuma san ranar ƙarewarta. Ubuntu na fitar da irin wannan zubi duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, yana kuma kula da shi shekara biyar. Wanda ya fito a 2024 zai kai 2029, na 2020 kuwa wa'adinsa na gama-gari ya cika a 2025. Haka ma Windows 10, Microsoft ya rufe tallafinsa na gama-gari ranar 14 ga Oktoban 2025. Na'urar da wa'adinta ya ƙare, ko dai a ɗora mata wata manhajar, ko a cire ta daga intanet.

Na uku, kada a taɓa babban gyara sai an yi kwafin ajiya. Masana na da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Kuma a gwada kwafin a tabbatar yana buɗewa. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Na huɗu, a sa wa abin rana. Ni na ware safiyar Asabar ta farkon kowane wata, lokacin da batirin inbata ya cika, in duba komai ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa a littafi. A nan ne ma tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ta fi Raspberry Pi dacewa da yanayinmu, don tana da batirinta a jiki. Amfanin yin abin a kai a kai shi ne, gyara ba ya taruwa ya gagara. Nextcloud, alal misali, ba ya yarda a tsallake babban zubi. Wanda ya bari uku suka wuce shi, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Masu amfani da Docker kuma su sani cewa sabunta babbar manhaja ba ya taɓa abin da ke cikin akwatunan Docker, kowane akwati sai an sauko da sabonsa. Kada kuma a manta da na'urar rarraba intanet ta gida, ita ce ƙofar zaure, ita ce kuma aka fi mantawa da ita.

Na biyar, a rage kaya. Duk manhajar da ka ɗora don gwaji ka daina amfani da ita, cire ta, domin taga ce da ka bari a buɗe. Wadda kuma ba dole sai duniya ta gan ta ba, a ɓoye ta bayan amintacciyar hanya irin ta WireGuard, yadda sai kai da waɗanda ka yarda da su za su iya isa gare ta.

Kammalawa

Magabatanmu masu ginin ƙasa sun san cewa gida ba a gama gina shi. Duk shekara kafin damina sai an hau soro an yi yaɓe, an gyara indararo, ba don ɗakin ya fara yoyo ba, sai don kada ya fara. Wanda ya ƙi yaɓen rana ɗaya, shi zai kwana yana tarar ruwa da kwano a watan Agusta. Haka uwar garke take. Kira na ga 'yan'uwana ɗalibai shi ne, mu shiga wannan harka, mu koya, mu mallaki bayananmu da hannunmu, amma kowa ya tambayi kansa tun kafin ya fara: shin ina da awa ɗaya a wata da zan bai wa wannan na'ura? Idan amsar e ce, to madalla, a kafa. Idan kuwa a'a ce, gara a bar ta a cikin gida ba tare da an buɗe ta ga intanet ba, ko a kwafe kayan a faifan ajiya a sa a akwati. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.