Kimiyya a Sauƙaƙe: Me Ke Yanke Bluetooth a Gonar Shinkafa?

Duk wanda ya taɓa dashen shinkafa a Kura ko tsinkar tumatir a Bunkure da abin sauraro na Bluetooth a kunne ya san wannan: waya na aljihun baya, da ka sunkuya sai sauti ya riƙa yankewa. Sau da yawa wayar lafiyarta lau, jikinka ne ya tare hanya.

Bluetooth na tura saƙo ta siginar rediyo mai kaɗawa kusan sau biliyan 2.4 a daƙiƙa ɗaya. Ruwa na shanye irin wannan sigina, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na jikin baligi ruwa ne. A ɗaki, sigina kan bugi bango ta dawo kunne. A fili kuwa, can bakin magudanar ruwan Tiga, babu bangon da zai maido ta.

To, jiki ba ya zama wuri ɗaya, don haka babu injiniyan da zai faɗi ƙarfin sigina a daƙiƙa mai zuwa. Sai ya bi dabarar manomi, wanda bai san ranar da za a yi ruwa ba, amma ya san Agusta ta fi Mayu. Injiniya kan ɗaura wa mutane na'urori, ya auna sau dubbai suna tafiya, suna gudu, suna sunkuyo, sannan ya lissafa sau nawa cikin 100 sigina ke yin rauni. Da wannan ƙididdiga yake sanin ƙarfin da zai ba na'ura. In ya yi kaɗan saƙo ya ɓace, in ya yi yawa batir ya mutu da wuri.

Abin ya wuce jin waƙa. Akwai na'urorin da ake manna wa masu ciwon suga ko zuciya, suna tura awo zuwa waya. In saƙon gargaɗi ya ɓace, rai na cikin haɗari. Shi ya sa a 2012 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'idar 802.15.6 domin na'urorin jiki.

Aikin wannan mako: ku ari waya da abin sauraro. Ku yi tafiyar minti 5 a fili, waya a aljihun gaba, ku ƙirga yankewa. Ku sake da aljihun baya, sannan ku gwada duka biyun a ɗaki. Ku maimaita kowanne sau 10, ku fitar da matsakaici yadda malamin lissafi ya koya muku. Muna jiran sakamakon makarantarku.