A Ba Mu Dama Mu Haɗa Kujerar Kwali



Ra'ayina a wannan mako shi ne a ba kowane aji aikin haɗa kujerar kwali a darasin Besik Teknoloji, kuma a ba da maki a kai kamar jarrabawa. Na san wasu sun fara dariya. Ku bari ku gama karantawa tukuna.

Kowa ya san halin da ake ciki. Bencin mutum uku, mu biyar muke matsuwa a kai. Wanda ya makara sai ƙasa ko bakin taga, ya ɗora littafi a gwiwa, rubutunsa ya koma kamar tafiyar tsutsa, malam kuma ya rage masa maki. Ga shi mun cika littattafanmu da zanen zarto da guduma, amma ba mu taɓa ƙera ko da maratayin allo ba.

Kwali ya fi ƙarfin yadda muke zato. Ka yagi gefen kwalin taliya ka duba, za ka ga falle uku ne, na tsakiyar a lanƙwashe yake kamar kwanon rufi. A nan ƙarfin yake. In ka kwantar da shi ka taka, zai lotse. Amma in ka tsayar da shi, 'yan ramukan suna kallon sama, zai ɗauki nauyi. Shi ya sa mai kanti yake jera kwalaye har kusa da silin, na ƙasan bai durƙushe ba.

Haɗawar ba wuya. A yanka faifan kwali guda takwas masu tsayi ɗaya, kamar santimita 35. A tsaga kowanne zuwa rabinsa a wuri huɗu, sai a soka huɗu cikin huɗu a gicciye, su fito kamar gidajen dara. A saman a manna falle biyar, ana juya kowanne don ramukansa su gitta na ƙasansa. Ba sai an sayi gam ba, ƙaron da aka jiƙa ko kokon sitaci ya isa. A danne da dutse ya kwana. Ni dai ina ganin mu fara da marar majingina, irin 'yar tsugunno da iyayenmu mata ke zama a kai a madafa, domin majingina ita ce mai wahala.

Kuma ba mu ne farau ba. A gasar Olamfik da aka yi a Tokiyo ta ƙasar Japan a 2021, a kan gadon kwali 'yan wasa suka kwana, kuma an ce gadon yana ɗaukar kilo 200. Wane ne mai kilo 200 a makarantar nan? Tun a 1972 wani mai zanen gine-gine a Amurka, Frank Gehry, ya fito da kujerun kwali, har yau ana ajiye su a gidajen tarihi.

To, ruwa fa? Wannan tambaya ce ta gaskiya, don a Haɗejiya muke. Ba mu manta da ambaliyar 2022 ba, lokacin da manya da matasa suka riƙa kwana a bakin jinga suna cika buhuna da ƙasa, mutanen Auyo da Kirikasamma da Guri suna barin gidajensu. Kwali in ya sha ruwa ya zama burodi a cikin shayi. Ban musa ba. Amma daga Oktoba zuwa Mayu kusan ba ma ganin ruwan sama, wato zango biyu ke nan na karatu. Sannan kujerar ba ta da nauyi, ɗan aji ɗaya ma zai ɗaga ta da hannu guda ya rataye a ƙusa in an tashi. Haka kuma za ta tsira daga gara. Ƙasanta a naɗe da leda saboda masu yayyafa ruwa lokacin shara.

Wani zai ce kwali a garin nan ba kyauta ba ne, tunda masu bandar kifi suna saye su cika su tura Kudu. Haka ne, amma su lafiyayye suke nema. Mu ko wanda gefe ɗaya ya yage muna so, irin wanda ake ƙonawa a bola hayaƙi ya dame mu. Kowa ya kawo ɗaya daga kantin unguwarsu, ai an gama.

Abin da ya fi damuna shi ne kada a ga mun yi kujera a ce matsala ta ƙare. A'a. Kujerar kwali in ta yi zango ɗaya ta yi ƙoƙari, kuma ba ta da wurin ɗora littafi. Benci da tebur haƙƙinmu ne, muna nan muna jira daga waɗanda alhakin ke wuyansu. Amma kafin su iso, gara mu zauna a kan abin da muka auna muka yanka da hannunmu, da mu zauna a ƙasa da farin yunifom.

Don haka ina roƙon malamin fasaha, Allah ya ƙara girma, ya raba mu biyar-biyar, kuma a saka mata a ciki, kada a ce aikin maza ne. Yankan a yi shi a gabansa saboda reza ba ta da aboki. In an gama, ranar Litinin a asambuli a kira wanda ya fi kowa ƙiba a aji uku ya zauna a kan kowace. Wadda ba ta lotse ba, rukuninta ne ya ci.

Daga ɗan aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida