FILIN MATA: Zagayen Rabah, Wurno da Goronyo a Kan Keke

'Yan'uwana mata, a ƙasar Faransa akwai wani kogi wai shi Luwar. An yi wa masu keke hanya tasu a bakinsa, tana ratsa gonakin inabi da tsofaffin gidajen sarakuna. Maza da mata su kan ɗaura guzuri, su yi kwanaki suna zagayawa sannu sannu, ba tsere ba gaggawa, don kawai su san ƙasarsu. To, mu ba mu da gonakin inabi, amma muna da fadama, muna kuma da tarihi wanda bai kasa na kowa ba. Abin kunya ne yarinya ta tashi a Tursa, ta haddace sunayen biranen Turai, amma ba ta san wanda ke kwance a Wurno ba.

Ga yadda zagayen zai kasance, a kwana uku, ba tare da an wahalar da kowa ba.

Ranar farko a tashi daga Tursa da sassafe a sauka Rabah, bakin gulbin Sakkwato. Nan aka haifi Sir Ahmadu Bello. Nan kuma ya dawo ya zama hakimi a 1934, kafin a naɗa shi Sardauna a 1938. Ya riƙi Firimiyan Jihar Arewa tun daga 1954 har zuwa Janairun 1966 da aka kashe shi. Ku gaya wa 'ya'yanku, wanda ya riƙi Arewa duka daga wannan ɗan gari ya fito.

Rana ta biyu a nufi arewa zuwa Wurno. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa ta ribaɗi, watau garin tsaron iyaka, don kare Sakkwato daga Gobirawa. A nan ya rasu a 1837, hubbarensa kuwa yana nan, mutane suna ziyara har yau. Ɗansa Aliyu Babba ma a nan ya zauna, a nan Baturen nan ɗan Jamus, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya same shi a 1853.

Rana ta uku a bi kwarin Rima zuwa Goronyo, inda aka gama babbar madatsar ruwa a 1984. Daga nan sai a juyo gida. Wannan shi ne yankin lambuna: albasa, tafarnuwa, alkama, shinkafa, dankali da rake. Ke uwargida, tafarnuwar da ki ke dakawa a miya, a nan za ki ga inda ta ke fitowa da irin wuyar da ake sha wajen ban ruwa. Wanda ya ga wannan ba ya ƙara raina kuɗin albasa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne hunturu, bayan an gama kaka. Ruwa ya janye, hanya ta bushe, rana ba ta da zafi, fadama kuwa ta yi kore shar. Da damina laka za ta hana, da bazara zafi zai kayar da mutum. A duba birki da taya tun daga gida, a riƙe famfo da faci da sholisho. A ɗauki ruwa isasshe, da dabino da ƙuli-ƙuli. A tashi bayan asuba, a huta da hantsi ya yi ƙarfi, kada la'asar ta riski kowa a daji. Yarinya ta sa wando a ƙarƙashin zane, ta tattara hijabinta kada ya shiga ƙafar keke.

Na san wata za ta ce, ina mace ina yawon ƙasa? To, ku tuna da Nana Asma'u 'yar Shehu, ƙanwar Muhammadu Bello, wadda ta rasu a 1864. Ita ta kafa 'Yan Taru. Mata tsofaffi da 'yan mata su kan taso daga ƙauyuka a ƙafa, jajinsu na gaba da malfa a kanta, su zo wurinta su ɗauki karatu, su koma su koya wa na cikin kulle. A wannan ƙasa tamu aka yi haka. Saboda haka tafiyar neman sani, da yardar iyaye, tare da malamai da yayye maza, ba baƙon abu ba ne gare mu.

Amma fa ga maganar da ba ta ɓoyuwa. Shekarun nan 'yan bindiga sun addabi gabashin Sakkwato. A watan Oktoba na 2021 sun faɗa wa kasuwar Goronyo, suka kashe mutum fiye da arba'in. Don haka kada uwa ta saki 'yarta kan waɗannan hanyoyi sai hakimai da jami'an tsaro sun tabbatar an sami lafiya. Rai ya fi ganin gari.

To, kafin nan mu zauna hannu rabbana? A'a. Da hanau gara mannau. A koya wa yarinya hawan keke a filin makaranta ko a tsakar gida, yadda ake koya wa ɗan'uwanta. Malamai su zana musu taswirar garuruwan nan uku a allo, da gulaben biyu. Iyaye mata kuwa, da dare bayan tuwo, a ba su labarin Wurno da na 'Yan Taru tare da tatsuniya. Ranar da hanya ta buɗe, sai a iske 'yan matanmu sun iya keke, sun kuma san inda za su da abin da za su gani.

Allah ya kawo mana zaman lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.